Agogon Bangon Frano Lukin

Tsoro ya kama Frano Lukin ne ranar wata Lahadi da yamma a shekarar 1952, yana zaune a silimar unguwarsu ta bakin tashar jiragen ruwa ta San Pedro, matarsa Neda na gefensa da sabuwar hula. A majigi, mai karɓar bashi ya shiga gidan wani lebura, bai gaishe da kowa ba, ya ja kujera ya hau, ya murɗa mabuɗin agogon bango, ya ce, "Kada ya tsaya." Can sai wani daga baya ya fashe da dariya. "Wallahi Kosta ne! Kosta sak!"

Babu leburan tashar da bai san wannan ɗabi'a ba. Kosta shi ne ɗan aiken masu ba da bashi da ruwa, kuma duk gidan da ya murɗa wa agogo, kafin mako ya zagayo sai an kai maigidan asibiti. Sai dai ba a faɗin wannan a fili. Ko a gidan giya ba a faɗa.

Frano ba mai surutu ba ne a da. Yana saurayi ya baro wani tsibiri a Dalmatia, ya yi su a teku har igiyar koma ta cinye masa yatsu biyu, ya koma sharar ƙasa a kamfanin kifin gwangwani. Bai taɓa samun abin da za a nuna shi da shi ba, sai ran da wasu 'yan fim marasa jari suka zo tasha neman fuskoki masu muni a farashi mai sauƙi. Suka ɗauke shi ya tsaya bayan wata ƙofa. Yana nan tsaye ya ga ɗan wasan da aka ba matsayin mugu yana ta ihu yana buga tebur.

"Ranka ya daɗe, ba haka suke yi ba," in ji Frano. "Na gaske ba ya ɗaga murya."

Darakta ya juyo. "To malam, yaya yake yi?"

Frano ya ja kujera ya nuna musu. Nasa agogon ma an taɓa murɗa shi, shekarar da Neda ta kwanta ciwo ya ci bashi. 'Yan fim ɗin suka tafa masa, suka ƙara masa dala biyar. Daga ranar bakinsa bai sake rufuwa ba. Wanzami ya ji, direban bas ya ji, kowa ya ji cewa Frano ya shiga fim, har ya koya wa darakta aiki. Shi da kansa ya gayyato rabin mutanen da ke silimar nan.

A hanyar gida ya yi ta waiwaye. Neda ta finciko hannunsa.

"Maigida, kai ne ka gaya wa 'yan fim zancen agogon?"

"Wa ya ce ni ne? Garin nan agogo ɗaya ne?"

"Agogo da yawa, amma baki irin naka ɗaya ne."

Washegari bai je aiki ba. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa taga. Ya sauke agogon ya tura ƙarƙashin gado, sai ya ga tabon da ya bari a bango ya fi agogon tonon asiri, ya mayar. Da hantsi ƙanin Neda, Vinko, ya shigo yana warin kifi.

"Ina tauraron namu? Yaya, an ce jiya Kosta ma ya biya kuɗinsa ya kalla."

"Ya yi dariya?"

"Wanda ya gaya min bai tsaya duba fuskarsa ba." Vinko ya sa hularsa. "Bari in same shi. Aji ɗaya muka yi, ya sha cin abincin uwarmu. Zan ce ɗan wasan ne ya ƙirƙiro abinsa."

"In bai yarda ba fa?"

"Sai ka koma Hollywood, ai sun san ka."

Ya fita yana dariya, ya ce kafin azahar zai dawo. Neda ta zuba miyar kabeji, ta huce, ta mayar tukunya. Frano ya hana ta murɗa agogon, amma agogon bai tsaya ba tukuna. La'asar ta wuce, Vinko bai dawo ba, kuma bai aiko kowa ba.