Bugun Zuciyar da Na Ɗora wa Malamin Gona

Littattafan soyayyar da na tara a akwati sun yi ittifaƙi a kan abu guda: in kika ga namiji gabanki ya faɗi, hannunki ya kama rawa, to kin gamu da mijinki. Na yarda da wannan fiye da yadda na yarda da malamin kimiyyarmu.

Ina da shekara ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, wani malamin gona daga Kebbe ya fara zuwa zance wurina duk Juma'a bayan la'asar. Tun ranar farko zuciyata ta riƙa dukan ƙirjina kamar ana sussuka. Zufa ta jiƙa mini hijabi, kofin ruwan da na kawo masa rabi ya zube a hanya. Na rame kuma, alhali ina cin tuwo malmala uku. Na ce shi ke nan, ga ramar so da ake faɗa. Cewa zuciyar tana wannan gudun ko a gaban allo, ko in na ga jakin maƙwabta, ban sa shi a lissafi ba. Na ɗauka tunaninsa ne ke bina.

Baba ya ce in ba shi amsa kafin kaka, in ina so a turo magabata. Amsata na bakina, sai ga gwaggona, ma'aikaciyar jinya, ta zo gaisuwa. Ta ƙura wa wuyana ido.

"Ke ɗiyata, haɗiye miyau in gani."

Na haɗiye. Ta kama hannuna tana duban agogo.

"Gwaggo, ba ciwo ba ne," na ce, ina sunkuyar da kai irin na taurarin littafi. "So ne."

"So nika gani nan ƙasan maƙogwaronki, har ya kumbura. Ɗauko mayafinki."

Aka ɗebi jinina aka kai Sakkwato. Da sakamako ya dawo, gwaggo ta zaunar da ni. Ta ce jiki yana aika saƙo ta hanya biyu. In na taɓa tukunya mai zafi, ƙwayoyin jijiya ke miƙa wa juna labari, wannan ta ba wannan, har in janye hannu kafin in san na ƙone. Ɗaya hanyar kuwa sinadarai ne da ake zubawa cikin jini, su zagaya jiki a hankali, kowace gaɓa ta karɓi nata umarnin. Akwai wata 'yar tsoka a wuya mai zuba irin wannan sinadarin, shi ke faɗa wa jiki saurin da zai yi. Tawa ta yi ta zubawa babu awo, zuciya kuwa baiwar Allah tana ta biyayya.

"To malamin gonar fa?" na tambaya.

"Sha maganinki wata ukku, sannan ki dube shi. In har yanzu tana bugawa, ni ka ɗaukam miki gara."

Na roƙi Baba ya ƙara mini lokaci. Na sha ƙwayoyin ina jin haushinsu. Rawar hannu ta tafi, kumatuna suka dawo.

Ran Juma'ar da wata uku suka cika, na ji tsayuwar babur ɗin malamin gona a ƙofar gida. Na dafa ƙirji na saurara. Shiru. Na kai masa ruwa, ko ɗigo bai zuba ba. Na zauna, kuma karon farko babu ganga a kunnena, na ji abin da yake faɗa. A kan tsutsar da ke huda karan dawa yake bayani. Daga ita ya koma kan wadda ke cin wake. Ya ce ai ya sha gaya mini wannan, kuma abin da ya fi so game da ni shi ne yadda nake saurare har jikina na rawa.

Na bari ya gama, don mutumin kirki ne. Da safe na sami Baba a zaure na ce kada a wahalar da dattawan Kebbe a kan wannan hanya tasu mai ramuka.