Kwamfailar da Dogo Ya Zaɓar Mini

Ina cikin zuba wa injin buga takardu tawada sai ƙanwar maƙwabcin shagona ta kira ni. Ta ce, "Yaya ya rasu da hantsin nan." Na tsaya da hannu baƙi ƙirin, na rasa inda zan ajiye wayar.

Dogo muke ce masa. Gyaran kwamfuta yake yi a shagon da ke jikin nawa. Shekara goma sha ɗaya katako ne kawai tsakaninmu, har atishawarsa ina ji.

Ina da shekara arba'in da uku na ce masa ina son koyon rubuta manhaja. Sau biyu na taɓa farawa ina watsarwa, na kuwa rantse in na sake kasawa na haƙura har abada. Bai yi dariya ba. Ya ce sai an fara samo mini kwamfaila, wato manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa abin da kwamfuta ke ganewa.

Na kyauta guda uku ya sauke a tsohuwar kwamfutata. Ya rubuta layi biyar, ya goge alama ɗaya da gangan.

Na ce, "Dogo, me ya sa kake ɓata shi?"

Ya ce, "Kai fa wata shida za ka yi kana tafka kuskure. Wadda ta iya gaya maka laifinka ba cin mutunci muke nema."

Ta farko ta cika allon da jan rubutu. Ya ce, "Wannan masifarta ta fi ta mai gidan haya." Ta biyu ta yi nauyi, fankar kwamfutar ta kama kuka, ya ce za ta ƙarasa mini tsohuwa. Ta uku layi ɗaya ta rubuto: alama ta ɓace a layi na huɗu. Ya buga tebur, ya ce, "Ga mai tarbiyya."

Daga ranar bai taɓa gyara mini ko harafi ba. In na ƙwala masa kira, sai in ji muryarsa ta bayan katako: "Karanta abin da ta ce, malam, ba ni na yi laifin ba." Haushi nake ji a lokacin. Yanzu ina ma zan sake ji ko sau ɗaya.

Da ciwo ya kwantar da shi, na maƙale a manhajar da nake rubutawa ta jera sunayen ɗalibai da makarantu ke kawo mini bugu. Mako uku ta ƙi. Na je asibiti na zauna bakin gadonsa, na ce ina ganin na kai ƙarshe.

Ya ce, "Kuskure nawa take nuna maka?"

"Biyu."

"Da ka fara nawa ne?"

"Talatin da wani abu."

Ya lumshe ido yana murmushi. "To tashi ka tafi shago, abokina. Ni ina da masu jinya."

Na ce, "Gobe zan dawo."

Ya ce, "Ka dawo da kuskure ɗaya."