Kafaɗar Ya Gumsu

Duk wanda ya saba bi ta layin masu icce a Bulumkutu da hantsi ya san Ya Gumsu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai tsagen Barebari a kumatu, wadda ke zama a gindin darbejiyar ƙofar gida, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, hula a cinya, allura a hannu. In ka gaishe ta za ta amsa maka ba tare da ta ɗago ba. Ba raini ba ne, zare take bi kada ya kuɓuce mata.

A Bama ta koyi ɗinkin, a hannun goggonta, tun ba ta iya ɗaura zani da kyau ba. Shekarar da gari ya watse kowa ya kamo hanyar Maiduguri, wasu sun ɗauko katifa, wasu tukwane. Ita yaranta biyu ta koro a gaba, da ƙullin allurai a bakin lafaya. Mijinta Madu bai daɗe ba bayan zuwansu, hawan jini ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Daga nan hula ta zama uwa ta zama uba. Ita ta riƙe haya, ita ta kai Rahmat jami'a har ta samu aiki a wata ƙungiyar agaji, ita ta sa Taufiq ya koyi haɗa wutar sola. Shi ya sa Ya Gumsu ba ta ɗaukar wasa a kan sana'arta, kuma bakinta bai iya ɓoye ra'ayi ba.

To, da aka sa ranar auren Taufiq, sai ta faɗa a gaban dangi cewa angon nan ba zai sa hular kasuwa ba. Da hannunta za ta yi masa, daga ɗinkin farko har na ƙarshe. Ta zaɓi zare ruwan toka da ratsin shuɗi, ta ajiye duk aikin mutane a gefe. Ta gama zagayen jikin tsaf, saura faifan sama kawai, inda ido ke fara sauka in ango ya sunkuya gaban manya. Ana nan biki ya matso, sai kafaɗar dama ta ce ba ta san zancen ba.

Wani ƙulli ne ya zauna mata a ƙasan allon kafaɗa, kamar ƙwallon goruba. In ta ja zare sai ya tsarga mata har yatsu. Ta shafa man zafi, ta sha ƙwayar kemis, ta yi gashi da ruwan ɗumi, ko gezau. Ita dai ta san maganin abin, tausa ce. A Bama akwai wata tsohuwa, Ya Kellu, da ba a koya mata aiki. Abu ɗaya ake gaya mata: inda ke zafi. Kana nuna mata sai ta bar wurin, ta yi ta zagaye shi da man shanu, wuya, baya, hannu, har jiki ya saki ka manta. Can a ƙarshe ta dawo ta kafa gwiwar hannu a kan ƙullin, ta danna har sai ka kira sunan kakanninka. Washegari ka tashi garau. Amma Ya Kellu ta daɗe a ƙasa, wata kuma da aka kwatanta mata a unguwar Fezzan, ta je ta tarar ta yi tafiya.

Rahmat ce ta kawo shawara, ranar da ta ga uwar tana ɗaga buta da hagu.

“Mama, akwai gidan tausa na zamani a GRA, mata zalla. Na riga na kama miki wuri. Har fuska za su gyara miki, ki fito uwar ango sosai.”

“Fuskata ce ke riƙe allura?”

“Haba Mama, haɗe suke yin su. Ki dai je.”

Ba don hular ba, da babu mai kai ta. Suka hau keke napep, Rahmat ta miƙa ta ga mai karɓar baƙi, ta koma ofis a kan za ta dawo ɗaukar ta.

Tun daga ƙofa wurin bai kwanta mata ba. Sanyin na'ura ya doke ta har ƙashi, ita da aka ce wa ɗumi ne magani. Ga wani wari kamar an tafasa ciyawa da ɓawon lemo, wai shi ƙamshi, a garin da mata ke kwana su tashi da turaren wuta. Daga bango kuma ƙarar ɗigar ruwa ke fitowa ba ƙaƙƙautawa, ta duba ko famfo ne ya lalace, ashe kiɗan gidan ke nan. Aka ba ta tawul da silifas, aka nuna mata wani siririn gado mai rami a wajen kai.

Mai tausar sunanta Gloria, 'yar Biu ce, mai fara'a. Ya Gumsu ba ta kalli fara'ar ba, hannayen ta kalla. Kaurara ne, hannun da ya san taɓarya, sai hankalinta ya ɗan kwanta. Hausar kowaccensu ta kasuwa ce, wannan da Barbarci ta tashi, waccan da Baburanci, amma dai ana fahimtar juna, ko kuwa haka suka ɗauka.

“Mama, kwanta ki sa fuska a nan,” in ji Gloria. “In kin ji zafi ki faɗa mini, ko?”

Ya Gumsu ta ji daɗi har cikin ranta. Tambayar Ya Kellu ke nan sak. Ashe yarinyar ta san aiki.

Gloria ta fara jera mata wasu baƙaƙen duwatsu masu santsi da aka ɗumama, daga ƙugu zuwa sama. Allah ya sa ɗaya ya sauka daidai kan ƙullin. Ɗumin ya ratsa, Ya Gumsu ta lumshe ido.

“Yauwa. Nan. Nan zafi.”

“Sori Mama!”

Kafin ta ankara an ɗauke dutsen, an hura shi, an dawo da shi salaf an ajiye can tsakiyar baya. Ya Gumsu ta ce a ranta, to, ta ga wurin, yanzu zagaye za ta fara.

Aka zuba mai, hannu ya fara tafiya. Da babban yatsan Gloria ya bi ta kan ƙullin, Ya Gumsu ta ɗaga murya don kada a yi kuskure.

“Zafi. Nan zafi sosai.”

“Sori Mama, sori.”

Hannun nan ya koma kamar ana shafa wa jariri hoda, daga nan ya tsallaka kafaɗar hagu. Kafaɗar hagu fa, wadda ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba! A nan Gloria ta zage ta nuna ƙarfinta, ta murza, ta matsa, ta danna, irin dannar da ɗayar ke kuka a kai. Ta gangara baya, ta gangara ƙafafu, ta kama yatsun ƙafa tana jan su ɗaya bayan ɗaya. Wa ya kawo ƙarar yatsun ƙafa? Da ta sake hawowa ta gifta kusa da wurin, Ya Gumsu ta ƙara faɗa, wannan karon har da buga gado da tafin hannu. Sai Gloria ta ɗauko ƙaramin tawul ta lulluɓe kafaɗar daman gaba ɗaya. Ita ta rufe ne don kada ta sake taɓawa bisa kuskure. Ya Gumsu kuwa ta ɗauka ana ɗumama wurin ne saboda babbar dannar ƙarshe, har ta fara cije leɓe tana shiri.

Magana ta zo mata baki ba sau ɗaya ba, tana haɗiyewa. Ita da ba ta yarda a koya mata riƙon allura, ba za ta koya wa mai sana'a sana'arta ba. Ban da haka ma, fuskarta na cikin rami, abin da take gani tayil ne da ƙafafun Gloria suna kai da kawowa. Ta yi ta haƙuri tana jira.

Wata siririyar ƙararrawa ta kaɗa.

“Mama, juya. Yanzu fuska.”

“Kafaɗar fa?”

“Na bar ta ta huta, Mama.”

Ta huta tukuna, haka Ya Gumsu ta fassara, ta juya. Aka kunna mata tururi a fuska, aka goge da wani abu mai yashi-yashi, aka yaɓa mata koriyar laka daga goshi har haɓa, aka ɗora mata yankan kokwamba a idanu kamar ita ce abincin.

“Kar ki yi magana, Mama, zai tsattsage.”

A nan kwance, baki a ɗaure, ido a rufe, ta fara shan jinin jikinta. Ta ji ana kwashe duwatsu, ta ji an rufe kwalbar mai. Mai shirin danna ƙulli ba ya rufe kwalbar mai. Haushi ya turnuƙe ta, ta cika ta yi fam, ga laka na bushewa tana ɗaure mata kumatu, ga ɗigar ruwan bango ba ta fasa ba. Faifan hula kawai take gani a cikin duhun, fari fat, zane a kai ba zare.

Da aka wanke, Gloria ta kawo madubi tana murmushi.

“Kin gani, Mama? Kin koma yarinya.”

Ya Gumsu ta ture madubin. “Yaushe za ki yi tausar?”

“An gama ai, Mama.”

“An gama? Ke 'yar nan, sau nawa na ce miki nan zafi?”

“Shi ya sa na bari. A wurin koyo an ce mana in mutum ya ce zafi, ka ɗaga hannu. In na ji miki rauni, madam kora ta za ta yi.”

“La ilaha illallahu! A garinku in an nuna miki ɗakin da ke cin wuta, sai ki kai ruwan ɗakin kusa? Zafin ne ya kawo ni! Hula nake ɗinka wa ɗana, hannun ya ƙi!”

Gloria ta dafe ƙirji. “Wayyo Mama. Ni na zaci dutsen ne ya ƙona ki, na zaci hannuna ne ya yi nauyi. Da kin ce ciwo ne da ke.”

“Ciwo da zafi ba uwarsu ɗaya ba?”

Idon yarinyar har ya kawo ruwa. Ta zagaya bayanta, ta laluba, ta samu ƙullin, ta kafa babban yatsa ta danna da gaske. Ya Gumsu ta ce hasbunallahu. Abin ya tsarga mata har farce, irin zafin nan mai daɗi da ta yi shekaru ba ta ji ba, ta ji ƙwallon ya fara motsi a ƙarƙashin yatsan. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai karɓar baƙi ce, ta ce wata amarya da ƙawayenta sun iso tun ɗazu, ɗakin ake jira. Gloria ta ɗaga hannu.

“Ki dawo, Mama. Wallahi in kin dawo na san abin da zan yi.”

A teburin gaba aka ce lokacin bukukuwa ne, babu gurbi sai bayan auren Taufiq, lokacin da ita ba ta da sauran buƙata. Tana tsaye tana gyara lafaya da hagu Rahmat ta shigo, ta yi turus, ta saki guɗa a hankali.

“Mama! Ke ce? Tsaya in ɗauke ki, sai Taufiq ya gani.” Ta ɗauki hoto, ta sake ɗauka. “Ya kafaɗar kuma?”

Ya Gumsu ta dubi 'yarta, yadda take murna da abin da ta yi wa uwarta. “Alhamdu lillahi,” ta ce.

Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ɗauko hular. Fuska sai sheƙi take, jiki duk ya saki, yatsun ƙafa kam ba su taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ta soka allura ta ja, ƙullin ya amsa. Ta cije ta ci gaba, ta yi ɗan layi guda, ta ɗaga shi a haske. Ya karkace, wani ɗinkin ya matse, wani ya saki. Ko yarinya mai koyo ta kawo mata wannan sai ta sha faɗa. Ta warware shi. Washegari da safe ta sake gwadawa, hannun ma ya ƙi ɗaguwa, rabin dannar da aka yi ta tayar da ciwon ba ta kashe shi ba. Ga mai wankin hula ya aiko cewa in ana so ta sha sitati ta bushe kafin ɗaurin aure, to a hanzarta.

Akwai wata maƙwabciyarta, Hassana, Bakanuwa, matar wani mai sayar da takalma, da ta koyi ɗinkin hula da girmanta. Ta taɓa kawo wa Ya Gumsu aikinta ta duba, aka ce mata ɗinkin kamar sawun kaji. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Ya Gumsu ta dubi katangar da ke tsakaninsu, sannan ta kira ta.

Hassana ta shigo da sallama, ta tsaya baki buɗe. “Kai, Ya Gumsu, wannan fuska haka? Me kika shafa?”

“Bar fuska. Wanke hannunki ki zo ki zauna.”

Ta wanke ta zauna. Ya Gumsu ta ɗora mata hular a cinya, ta nuna mata inda shuɗi zai shiga, da inda zai tsaya, ta zura mata zaren da kanta. Hassana ta juya hular a hankali, ta gane ko ta wace ce, ta kuma san abin da aka faɗa a gaban dangi, don duk layin an sani.

“In Taufiq ya tambaya fa?”

“Ba zai tambaya ba. Shi ba zai gane ba.”

Hassana ta yi bismilla ta soka allura. Ya Gumsu ta ga zaren ya shiga hular ɗanta a hannun wata, sai ta dafa ƙasa da hagu ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki labule.