Faifan da Hamma Sa'idu ya kulle

Bana shekara goma ke nan da rasuwar yayana Hamma Sa'idu, cikin waɗanda bom ya rutsa da su a kasuwar Jimeta. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ina ƙaramar sakandare a lokacin, kuma ina tsallaken titi riƙe da kwanon abincinsa sa'adda abin ya tashi. Tun daga ranar ban sake taka kasuwar ba sai watan jiya. Har yau ko murfin tukunya ne ya faɗi a tsakar gida, sai dai in tsinci kaina a tsugune.

Hamma faifan fim yake sayarwa, ƙarshen mako kuma ya rataya kyamara ya tafi gidajen biki. Duk wanda ya san shi ya san faɗansa da masu turi, wato masu zama da kwamfuta suna tura wa mutane fina-finai a waya. Ɓarayi masu lema da benci yake ce musu. Abin dariya, shagon da ke manne da nasa na Oga Emeka ne, mai gyaran rediyo da dibidi, shi ma yana ɗan turin a gefe. Emeka na kiransa Alƙali, shi yana kiran Emeka ɓarawon rana, sannan su sa hannu a kwanon da na kawo.

Duk faifan bikin da ya fito daga hannun Hamma a kulle yake. Akwai abin da yake yi masa a kwamfuta, sannan ya ɗauki allura ya ja siririn layi a gefen faifan. Dibidi zai kunna shi lafiya lau, amma kwamfuta in ta zo kwafa sai ta tsaya cak. Dangin amarya in suna son wani, dole su dawo wurinsa. Ya ce guminsa ne, ba zai yini a tsaye a rana wani ya kwashe a zaune ba. Da aka yi bikin yayarmu Adda Hauwa a gidanmu na Rumde, shi ya ɗauka, kuma shi ma ya kulle. Mahaifiyarmu Dada ta ce masa har da na gida? Ya yi dariya ya ce hannu ne ya saba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ba mai sayen faifai. Ni kaina a waya nake kallo: kuɗin wata daban, na data daban, in watan ya ƙare ƙofa ta rufe. Wani lokaci ki kai tsakiyar shiri, ki dawo washegari an cire shi. Ko hoton allon wayar kika ce za ki ɗauka, baƙi ne zai fito. Ina jin da fari zai yi murna, ya ce masu fim sun samu kullen da ya fi allurarsa. Amma na san shi, murnar ba za ta yi nisa ba. Mutum ne mai son abu a hannu. Faifai in ka saya naka ne, ka ara wa maƙwabta, ya zaga unguwa ya dawo da maiƙon yatsu. Yanzu biya muke ba dare ba rana, kuma ko kwali ba mu da shi a kan kanta.

Faifan bikin nan shi kaɗai ne wurin da muryarsa ta rage. Fuskarsa ba ta ciki, tunda yana bayan kyamara, amma ana jinsa yana cewa a matsa, yana tsokanar ƙawayen amarya. Na Adda ya ɓace lokacin da rikici ya sa suka gudo daga garin mijinta, ba su ɗauki komai ba sai yara. Namu ne ya saura, kuma duk shekara bayan an raba sadaka Dada takan ce in sa mata. Bana dibidinmu ya mutu, faifan kuma dama ya fara maƙalewa. Na kai shi wurin mai kwamfuta a unguwa ya kwafa mini, kwamfutar ta kai rabi ta tsaya, kamar yadda mai shi ya tsara. A hanyar komawa gida na ji haushin Hamma, haushi na gaske, har na faɗi maganar da ba a faɗa wa mamaci. Na yi istigfari, amma kunyar ba ta sake ni ba.

Sai na nemi lambar Oga Emeka na kira shi. Ya ce yana da tsohon dibidi ɗaya da ke karanta komai, amma a buɗe yake, wayoyi ne ke riƙe da shi, in aka ɗaga shi daga tebur ya gama. Ya ce in zo a kunna a talabijin, in riƙe wayata in ɗauka. Na roƙe shi ya yi mini da kansa.

"Ƙanwata, ni ba zan saci aikin Alƙali ba, ko yana raye ko ba ya raye," in ji shi, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "Kai ne ɗan gida. Zo ka ɗauka da hannunka."

Shagonsa kuwa har yanzu a cikin kasuwar yake. Na daɗe ina ja wa Dada rai. Yau in ce kaina na ciwo, gobe in ce Emeka ya yi tafiya. Ina kwance a ɗaki ina ƙona data a kan labarin mutanen da ban sani ba, tana tsakar gida tana goge faifan da gefen zanenta. Ba ta taɓa cewa ƙarya nake ba.

Ranar da na je, mai keke ya sauke ni a bakin layin, na tsaya nan ban shiga ba, sai da Emeka ya fito ya shiga gabana. Shagon Hamma yanzu murfin waya ake sayarwa a ciki. Aka kunna, na ɗaga waya da hannu biyu, ina yin ainihin abin da Hamma ya fi tsana a duniya. Muryarsa ta cika shagon. Emeka ya juya baya yana kwance wata rediyo da na tabbata ba abin da ya same ta.

Muna cikin haka tayar wata babbar mota ta fashe a titi. Ban san lokacin da na yi ihu na shige ƙarƙashin tebur ba. Wayar ta faɗi ta daina ɗauka. Ba wanda ya gudu a layin sai ni. Mai murfin waya ma leƙowa kawai ya yi. Kafin in fito in sake saita ta, wurin da Dada ta fi so ya wuce, inda ta kama shi yana tsintar nama a tukunyar biki. Emeka ya mayar da faifan baya, ya maƙale daidai nan. Ya sake, ya maƙale. Daga baya ya karya maganarsa ya gwada kwafo wurin da kansa har ya gaji. Wurin bai sake fitowa ba.

Na so in ce wa Dada faifan ne ya lalace, amma ƙarar da ihuna duk suna cikin abin da na ɗauko. Ta saurara, ta dube ni, ta ce in ƙara murya kawai.

To me ya rage na Hamma Sa'idu? Sana'arsa ta tafi, kullensa ya kusa cinye muryarsa, abin da kullen ya bari kuma tsorona ya gutsure. Saura hoto mai rawa a wayata, da hayaniyar kasuwa a bayansa. Dada tana kallonsa kusan kullum yanzu. In aka zo inda ya yanke, sai ta ɗora yatsa ta tsayar, ta gyara murya ta mayar da ita ta namiji, ta ce: "Dada, ɗanɗanawa nake, kar a kunyata mu gaban baƙi." Sai ta amsa masa da tata muryar, ta ce ajiye, maras kunya. Sannan ta miƙo mini wayar in ci gaba.