Karkatacciyar Huɗa a Gonar Babana

Shekarun baya, a zamanin mulkin soja, ina ɗan sabon malami a firamaren ƙauyenmu, can gefen Kagoma. Ban fi shekara biyu da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, kuma gaskiya ina ji da kaina. Farar riga, gajeren wando mai kari, doguwar safa har gwiwa, da biro uku a aljihu, ko da yake ɗaya ne kawai ke rubutu. Garma kuwa na yi mata sallama tun ranar da na shiga kwaleji. In mahaifina ya ce mu je gona, sai in ce ina da littattafan yara da zan duba. Shi kuma ba ya musu, sai ya saɓa garmarsa ya ce, "To, Ticha, a duba lafiya."

Muna da gona a ƙetaren rafi, kusa da ta wasu gidajen danginmu. Kakan mahaifina ne ya sare ta. A lokacin shekararta uku tana hutawa, domin haka ake yi a wajenmu: in ƙasa ta gaji sai a bar ta saura, ciyawa ta rufe ta, in ta murmure a dawo mata. Baƙo in ya duba daji zai gani. Ɗan gari kuwa ya san kowace ɗorawa da gidan da ke cin ta, ya san dutsen da iyakar wane ta tsaya.

Da rani sai ga masu awon ƙasa da sarƙarsu da 'yan tutocinsu. Suka yi kwana huɗu suna kai da kawowa, suka kakkafa duwatsun siminti, suka tafi. Daga baya muka ji wai gwamnati za ta yi babbar gona a wurin, kuma rahoton da aka rubuta ya ce daji ne wanda ba mai shi.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, dattawa suka zauna a gindin mangwaron majami'a suka yanke shawarar rubuta takardar koke. Wa zai rubuta in ba Ticha ba? Na zauna na zuba Turanci, irin wanda ni kaina sai da na buɗe ƙamus kafin in tabbatar da abin da na faɗa. Mahaifina dattijon ikkilisiya ne, shi ya fara dangwala yatsa, sauran suka bi. Abin da ba mu ɗauka da nauyi ba shi ne, a lokacin an hana kowane irin taro sai da izinin hukuma. Mu a ganinmu zaman gindin mangwaro ba taro ba ne.

Bayan mako biyu mota ta zo da hantsi. Aka ɗauki mahaifina aka kai shi Kafanchan aka tsare, wai ya yi taro ba izini kuma yana tunzura jama'a. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a kuma ce ga ranar da zai fito ba. Na ji an tambaye shi wanda ya rubuta takardar, ya ce shi tsoho ne, ya manta. Ni da na rubuta kuwa ina gida. Na ji tsoro, na kuma ji nauyin abin a raina, don alƙalamina ne ya kai shi can.

Duk Asabar ta biyu nakan hau keke in kai masa tuwon acca da mahaifiyata ta tuƙa. Gandiroba zai sa tsinke ya caccaka tuwon, ko an ɓoye takarda a ciki, sannan ya tsaya a kanmu. Ba a yarda mu yi yarenmu ba, sai Hausa, don ya ji abin da muke faɗa. Hausar mahaifina kuwa ta kasuwa da majami'a ce. Tun da aka haife ni ban taɓa hira da shi da Hausa ba sai a wurin nan, sai na riƙa jin kamar da baƙo nake magana.

Ina da wani abokina da muka yi makaranta tare, akawu ne a wani ofis a garin. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, "Kai, akwai hanya fa. Ga wata takarda, layi uku ce kacal. Ta ce wurin daji ne, ba a noma shi. Baba ya dangwala kawai, ranar nan zai kwana a gida." Na karɓa na ninke, na sa a aljihu kusa da biro ukun nan. Ina taka keke ina jin kaina jarumi, zan fito da ubana.

Da aka fito da shi wurin ganawa, na ga ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na karanta masa takardar, na fassara a hankali. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Mamanka yana lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau take, Baba. Maganar takardar fa?"

"Ruwa ya sauka a gida?"

"Ya sauka, sau uku ke nan."

"An yi huɗa a ƙetaren rafi?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ana maganar fitarka kana maganar huɗa? Wa zai shiga wurin da aka kafa siminti? Ka dangwala mu tafi, ƙasa ba ta fi ranka ba."

Ya dube ni, ba faɗa ba tsawa. Ya ce, "Ticha, takardan nan ya ce daji ne. Yau ƙarya ne. Amma in damina ya wuce ba a noma ba, ya zama gaskiya. Ni ba zan sa hannu na ce kakana bai yi aiki ba." Ya miƙo mini takardar. Gandiroba ya ce lokaci ya yi.

Na dawo gida. Na tarar da mahaifiyata tana sussukar ɗorawa a tsakar gida, na zayyana mata komai, har da cewa ina ganin zaman wurin ya fara taɓa tunanin Baba. Ba ta daina aikinta ba. Ta ce, "Tunaninsa ƙalau yake. Ya aike ka, kai ne ba ka ji aiken ba." Ta karkaɗe zaninta, ta shiga gida gida tana gayyar noma ranar Asabar.

Na ce mata, "Mama, an fa hana taro."

Ta ce, "An hana noma?"

Duk karatuna ban ga inda aka hana ba.

Kwana biyu kafin ranar muka sassabe wurin. Matan zumuntar majami'a suka dama kunu randa biyu, suka dafa wake da riɗi. Dattawa suka ce ba ganga a wannan gayyar, ba jawabi, kowa ya zo da garmarsa kawai. Da sassafe mutane suka yi ta ƙetare rafi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su da ko taku ɗaya a wurin. Ni na zo ne da niyyar tsayawa a gindin ɗorawa in riƙa miƙa ƙoƙon kunu, sai na ga kowa ya tsaya yana kallona.

Na manta da al'adar. A gayyarmu mai gona ne ke jan kunyar farko daga wannan iyaka zuwa waccan, sauran su jeru su bi layinsa. In ba ya nan, babban ɗansa. Kuma wanda ya ja kunyar farko ya shaida wa duniya cewa gonar tasu ce. Ni ma'aikacin gwamnati ne, hedimasta ya riga ya ja mini kunne cewa duk malamin da aka gani a rigimar ƙasa ya kuka da kansa. Mahaifiyata ta miƙo mini garmar Baba. Na tuɓe safa, na tuɓe farar rigar na rataye a reshe, na karɓa.

Jama'a, garma ba biro ba ce. Shekara uku ana hutu, tsofaffin kunyoyi sun baje, babu layin da zan bi. Manomi na gaske yakan sa ido a kan wani itace can nesa ya nufe shi. Ni kuwa ƙafafuna nake kallo, kada in sare yatsa. Kafin in kai rabi tafin hannuna ya yi bororo, bayana kamar zai tsinke. Da na isa ɗaya iyakar na waiwaya, sai na ga abin da na ja ya lanƙwashe kamar lauje. Ba wanda ya yi dariya, ko da yake na ga wani kawuna ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Kuma ba a gyara kunyar farko. Haka suka jeru suka bi ta, kunya bayan kunya, gonar gaba ɗaya ta karkata.

Wajen tsakar rana 'yan sanda biyu suka iso a kan keke. Babban ya tambayi wanda ya ba da izinin taro. Mahaifiyata ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, noma muke yi. Ga kunu." Ya dubi mutane, kowa kansa a ƙasa yana aiki, ba mai waƙa ba mai magana. Ya karɓi ƙoƙon ya sha, ya daɗe yana kallon gonar. Daga gani shi ma ɗan manomi ne, don abin da ya tambaya shi ne, "Wa ya ja ta farko?" Aka nuna ni. Na sha jinin jikina, na ce yau aikina ya ƙare. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya girgiza kai ya ce, "Malam, ka riƙe koyarwarka da kyau." Suka hau kekunansu suka tafi. Abin da ya rubuta a rahotonsa ban sani ba har yau.

Muka shuka dawa. Sauran gidajen ma aka yi musu gayya bi da bi, har ƙetaren rafi ya zama kore. Ni dai takardar gargaɗi na samu, aka kuma mai da ni wata makaranta mai nisa a zangon da ya biyo. Cikin damina wasu manya suka zo duba wurin da aka ce musu daji ne, suka tarar da dawa ta kai ƙirji. Ba zan ce mun ci nasara duka ba. An janye duwatsun daga gonakin tudu, amma fadamar da ke ƙasa ta tafi, kuma har yau ba ta dawo ba. Mahaifina ya ƙara wata biyu a tsare bayan haka. Wata safiya aka buɗe masa ƙofa aka ce ya tafi, ba bayani, ba ban haƙuri.

Ni na ɗauko shi a bayan keke. Da muka zo mararraba ya taɓa kafaɗata ya ce mu bi ta rafi tukuna. Ya sauka, ya ƙetare ruwan a hankali don ƙafafunsa sun yi rauni. Dawa ta fi shi tsawo. Ya shiga kwarin kunyar farko ya bi ta, ina biye da shi, yana tafe yana lanƙwasa yadda ta lanƙwasa, har muka ɓulla ɗaya gefen. Ya tsaya yana haki. Sai ya juyo ya yi mini magana da yarenmu, karo na farko cikin wata shida.

"Wa ya ja wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Baɗi sai a miƙar da ita."

Ya kama hannuna ya juya tafin, ya shafa kantar da ta fito. Ya ce, "Kada kowa ya taɓa ta."

Wanda ya san noma ya san cewa kowace shekara tsohuwar kunya ake fasawa a tayar da sabuwa a kwarinta, saboda haka layin bara shi ne na bana. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, ni ma na yi ritaya, gemuna ya yi fari kamar nasa. In na tuna cewa ni ne na kai masa takardar nan da hannuna ina murna, har yanzu raina yakan sosu. Na ɗauka ilimina ne zai fito da shi, ashe shi abin da yake jira a wurina in riƙe garma yini ɗaya. Ya zauna wata shida a ɗaure ba tare da an gaya masa laifinsa a gaban alƙali ba, kuma ban taɓa jin ya zagi kowa a kai ba.

Bara wani mai tarakta ya zo ya ce zai baje gonar ya ja mana layi miƙaƙƙe, wai za ta fi ɗaukar shuka. 'Ya'yana suka ce shawara ce mai kyau. Na ba shi kunu, na gode masa, na raka shi har bakin rafi. Gonar tana nan a karkace, kuma da kaina nake jan ta farko.