Gayyar da Mutum Bakwai Suka Zo

Wata Asabar ce cikin daminar da nake aji huɗu. Ina zaune kan kunya a gonarmu ta hanyar Kebbe, kwaryar fura a gabana, idona a kan hanya. Watanni kaɗan ke nan da Baba ya faɗi zaɓe ya dawo gida Tambuwal, bayan ya yi ciyaman, ya kuma yi ɗan majalisa a Sakkwato. Ciyawa ta kusa shaƙe gero, shi ya sa ya kira gayya kamar kowace shekara.

Da can, ranar gayyarmu sai ka ce sallah. Motoci, makaɗa, samari cike da gona, kafin azahar an gama. Inna ta dama fura irin ta da, tana cewa gara ta yi saura da a ji kunya. Ni kuwa an san ni da shegen bin diddigi, har Inna kan ce, "Ke ɗiyag ga, tambaya awa alƙali!" Sai na shiga ƙirga masu zuwa. Har hantsi ya dubi ludayi, mutum bakwai ne. Na sake ƙirgawa, ko na yi kuskure. Bakwai dai.

Ban iya yin shiru ba. Na ce, "Baba, ina sauran?" Inna ta kai min dundu. Shi kuwa murmushi ya yi, ya ce, "Waɗancan kujera suka yi ma noma, ta kuwa tashi." Ya tuɓe babbar riga ya rataye a kan aduwa, ya karɓi fartanya. Wallahi ranar na fara ganin ubana duƙe. Kafin la'asar tafin hannunsa ya yi ruwa, tausayinsa ya kama ni har na ɓuya na yi kuka.

Duk da haka sai da na tare wani tsoho, Malam Garba, wanda ya zo tun daga Kebbe a bayan babur, na tambaye shi me ya kawo shi. Ya ce, "Tun shina malamin makaranta muka noma ma juna. Mi ac canza?" Kwana uku suka yi kafin su gama, furar da ta rage kuwa maƙwabta aka rabawa.

Yanzu gayya ta yi wuya, maganin feshi ya karɓe ta, ina kuma kewar ta. Ranar da Baba ya rasu, manyan motoci sun toshe unguwarmu. Da ƙanena ya dawo daga maƙabarta, halina bai bar ni ba, na tambaye shi su wa suka haƙa kabarin. Ya lissafo min mutum uku. Su ne suka rage cikin bakwai ɗin.