Tayoyin Baffa Buba

Ni mai faci ne a Kwanar Dangora, a zamanin mulkin soja. Rumfata tana bakin titi, da famfon iska da bahon ruwan da nake tsoma tib in gano inda ya huje. Ban yi arziki ba, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, kuma direbobi sukan bar mini mota da makullinta su tafi cin abinci.

Abin ya fara ne da taya ta yi tsada. Wani abokin sana'a ya nuna mini yadda ake yi wa suɗaɗɗiyar taya sabon zane. Ka gasa wuƙa, ka bi sawun tsohon zanen ka ƙara masa zurfi, ka wanke, ka shafe da baƙin mai. Wanda ya gani sai ya rantse daga kanti take. Amma naman robar ka yanke, abin da ya rage tsakanin titi da tib bai fi tafin silifa kauri ba. Da farko nakan gaya wa mai saye gaskiya. Daga baya na riƙa yin shiru, har na kai ga rantsuwa.

Akwai wani dattijo Bafulatani, Baffa Buba, mai motar a-kori-kura. Yana ɗauko mata masu nono daga rugagen Doguwa zuwa kasuwar Tudun Wada. Wata Juma'a a farkon damina ya zo mini da sababbin tayoyi huɗu daga Kano, ko takardar jikinsu ba a ɓare ba. Bijiminsa ya sayar ya saye su.

Ya ce, "Ɗana, waɗannan ba ruwansu da rani ko damina, ko a taɓo suna kama ƙasa. Na gaji da santsi a gangaren nan, ga matan mutane a baya."

Na ce, "Je ka masallaci, Baffa, ina nan tafe."

Ban je ba. Na ɗaura masa sababbi biyu a gaba, inda ido yake fara sauka. A baya na ɗaura biyu daga cikin nawa na wuƙa, nasa kuma na tura su ƙarƙashin buhuna. Da ya dawo ya daki ta gaba da ƙafa, ya yi murmushi, ya buɗe ƙofa. Har yau ban san abin da ya sa na ce masa, "Ba ka duba na baya ba."

Ya ce, "Kai ka ɗaura, me zan duba?"

Cikin marka tayar baya ta fashe a kan gangare, motar ta wuntsila cikin kwazazzabo. Mata uku suka rasu nan take. Baffa ya rayu, amma sai da aka yanke masa ƙafa. Ina cin shinkafa da wake wani direba ya kawo labarin. Na yi salati kamar kowa, na ci gaba da cin abincina har na cinye. Ban ji komai ba, na dai lura gishiri ya yi yawa.

Abin da ban sani ba shi ne, kafin ya kawo mini tayoyin, Baffa ya zana wa kowacce shaidar da gidansu suke yi wa shanu, a gefen da ke kallon cikin mota. A gadon asibiti ya ce a dubo. Wadda ta fashe babu shaida, sai sawun wuƙa. Aka samo biyu masu shaidar a jikin wata tasi da na sayar wa mai ita. A kotu ban yi musu ba.

Na yi shekaru a kurkuku a Kano. Wasu fursunonin suna kuka, wasu suna zage-zage. Ni ina zaune kawai, ana kirana in tashi, ana ba ni in ci. Mahaifiyata ta rasu ina ciki, nan ma ban yi kuka ba.

Da aka sake ni na nemi rugar Baffa a bayan Doguwa. Na same shi a inuwar bukka, sandunansa a jingine. Na durƙusa na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Ƙafata na yafe maka tun ina asibiti. Matan nan kuwa ba ni da ikon yafe maka su. Ga 'ya'yansu can, je ka tambaye su."

Na waiwaya. Wata budurwa daga cikinsu tana dakan gero, ba ta ma san ko ni wane ne ba. Na miƙe, amma na kasa zuwa wajenta. Na dawo gida.

Yanzu noma nake yi a Kiru, kuma kullum ina neman gafarar Allah. Ku samari masu sana'ar hannu, in mutum ya miƙa muku abinsa ya juya baya, to ku yi masa aikin kamar yana tsaye a kanku. Abin da aka ba ku ku ɗaura, shi za ku ɗaura. Ni duk damina ina cewa bana zan koma wurin yarinyar nan, kuma har yau ban koma ba.